Ku Tambaya Mu Amsa: Wat 5 Zai Kai Ni Turai Kuwa?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Gusau. Na ji an ce akwai masu sha'awar rediyo da ke gaisawa da mutanen wata nahiya da na'ura mai ƙarfin wat 5 kacal, ta hanyar buga Mos. Ƙwan fitilar shagona ma wat 9 ne. Gaskiya ne ko cika baki?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma abin ya daɗe. Masu wannan sha'awa QRP suke kiran ta, iyakarta kuwa wat 5 idan da Mos ake aiki, wato aika haruffa da gajeren amo da dogon amo maimakon murya. A Ingila akwai ƙungiyarsu mai suna G-QRP, wadda wani limamin coci, George Dobbs, ya kafa a 1974.

Ka tuna yadda iyayenmu ke kama sashen Hausa na BBC a gajeren zango tun 1957? Hanyar ɗaya ce. Can sama, wajen kilomita 250 zuwa 400, akwai wani shimfiɗi na iska da hasken rana ke cajawa, ana ce masa ayonosfiya. Saƙonka yana hawa ya doke shi ya lanƙwaso ƙasa, kuma tsalle ɗaya yakan kai kusan kilomita 4,000. Daga Kano zuwa birnin Rum na Italiya kilomita 3,300 ne da 'yan kai. Ka ga ke nan tsalle ɗaya ya ishe ka.

Me ya sa Mos, ba murya ba? Murya tana cin fili a zangon rediyo mai faɗin haz 2,400 ko fiye (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya), Mos kuwa wajen haz 150 ya wadace shi. Kamar bokitin ruwa ɗaya ne: in ka watsa shi a tsakar gida ko ƙura ba zai kwantar ba, in ka zuba shi a gindin dashe ɗaya sai ya jiƙe sharaf. Shi ma mai sauraronka yakan tsuke matatar rediyonsa, ya rufe hayaniyar gefe da gefe, sai 'yar ƙararka kawai ta rage masa a kunne.

Ga wani lissafi da nake so ka riƙe. A rediyon mai sauraro akwai ma'aunin ƙarfin saƙo daga 1 zuwa 9, kuma kowane mataki ɗaya ninki huɗu ne na wuta. Daga wat 100 ka sauko 25, mataki ɗaya. Daga 25 ka sauko wajen 6, mataki na biyu. Wato wanda ake ji a 9 da wat 100, in ya rage zuwa wat 5 za a ji shi a kusan 7. Har yanzu ras ake jin sa.

Inda nake so ka kashe ƙarfinka shi ne eriya. Ni a wurina ita ce rabin tashar, kuma ita ce mafi araha. Ka raba 143 da yawan megahaz ɗin da za ka yi aiki a kai, zai ba ka tsawon waya a ma'aunin mita. Masu ƙaramin wuta suna haɗuwa a megahaz 14.060, saboda haka waya mita 10 da ɗan ɗoriya kake buƙata. Ka yanka ta gida biyu daidai, ka haɗa kebul a tsakiya, ka ɗaure bakunan biyu da igiyar roba, ɗaya a darbejiya ɗaya a gora mai tsawo. Ka bar ɗan rara ka riƙa datsewa kaɗan-kaɗan har ta daidaita. Ka ɗaga ta iya ƙarfinka, nesa da kwanon rufi da wayoyin lantarki. Wat 5 a eriya mai tsayi ya fi wat 50 a wayar da ke kwance kan katanga.

Ba kullum ake dacewa ba. Rana tana da zagayenta na wajen shekara 11, kuma akwai yammacin da za ka yi ta kira shiru. Amma muna da wata sa'a: tashoshi masu lambar kira da ke farawa da 5N ta Najeriya da 5U ta Nijar ba su da yawa a iska, don haka Bature in ya tsinkayi 5N ko 5U, ko da can ƙasa-ƙasa ne, zai kasa kunne har sai ya ɗauke ka.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a fannin lantarki a Zariya. Na haddace jadawalin ɗigo da zane na Mos tsaf, amma da na saurara sai haruffan su tsere min. Ina gyaran yake?

Amsa: 'Yata, ajiye jadawalin nan. Mos da kunne ake koyon sa. In kika ji ƙara, kika mayar da ita ɗigo da zane a zuci, sannan kika nemo harafin, kafin ki gama an wuce ki da haruffa uku. Harafin K ki san shi da amonsa, da-di-da. M kuma da-da. Kiran CQ, wanda ke nufin ana neman duk mai ji, haka yake faɗowa: da-di-da-dit, da-da-di-da. Ki faɗe shi da baki ki ji yadda yake da kari.

Ki bi hanyar Ludwig Koch, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam: ki fara da haruffa biyu kawai, amma da cikakken sauri, kamar kalma 20 a minti. Sai kin riƙa kama kashi 90 cikin 100 za ki ƙara na uku. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin haka. In ya yi miki zafi, ki ƙara tazara tsakanin haruffa, kada ki rage saurin harafin kansa. Minti goma sha biyar kullum bayan asuba ya fi awa uku ranar Lahadi.

Kada ki taɓa madanni, wato abin da ake dannawa a buga Mos, sai kunnenki ya nuna. Ranar da za ki fara, ki daidaita shi yadda tsakanin ƙarafan biyu bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, ki ɗora yatsu biyu a sama, babban yatsa a gefe, motsin ya fito daga wuyan hannu. Dogon amo ninki uku ne na gajere. Tsakanin haruffa shiru na gajere uku, tsakanin kalmomi bakwai. Shirun nan shi sababbin hannu ke cinyewa, sai saƙonsu ya cakuɗe. In wani ya yi miki sauri ki buga QRS, zai sassauta. Mutanen Mos suna da haƙuri da ɗan koyo, wannan na shaide su a kai.

Tambaya: Malam, an kawo min ƙaramar na'urar Pixie daga Sin, na haɗa ta da kaina. In fara kira? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, sai da lasisi da lambar kira daga hukumar sadarwa ta ƙasarka. Ƙanƙantar wuta ba ta ɗauke wannan sharaɗi. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, mutum da eriya da na'urar aika saƙo babu takarda ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba. Ko da takardar a hannu, ka nuna wa mai unguwa da maƙwabta abin da kake yi. 'Yan Najeriya su nemi ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta ƙasa, NARS. Tun 2003 dokar duniya ta daina wajabta jarrabawar Mos, saboda haka yau a yawancin ƙasashe don ƙauna ake koyon sa.

Ita Pixie ba ta kai wat 1 ba, a wuri ɗaya na zangon rediyo take tsaye, kuma kunnenta a buɗe yake, har gidajen rediyo takan kwaso. Ta yi kyau don koyon liƙi da dalma, amma ba zan so ka fara neman abokin magana da ita ba, za ta karya maka gwiwa. Wata na'ura mai suna QCX, wadda Hans Summers ya fitar a 2017, ita ma da hannu ake haɗa ta, tana ba da kusan wat 5, kuma batir mai bolt 12 da ƙaramin faifan sola sun riƙe ta. Ka natsu wajen naɗa siririyar waya a 'yan zobban da ke zuwa cikin kayan haɗinta, ka ƙirga kowane zagaye, ka kankare fentin bakin wayar sosai kafin ka liƙa. Yawancin na'urorin da suka ƙi tashi, a nan matsalarsu take.

Tambaya: Ana iya buga Hausa da Mos? Kuma rediyona shuu kawai yake yi da dare. Daga Kumasi.

Amsa: Ana iyawa. Ɓ da ɗ da ƙ ba su da amo nasu, sai a buga b da d da k, mai ji ya gane daga zancen.

Shuu ɗin kuwa yawanci daga cikin gida yake: inbata, cajar waya, ƙwayayen fitila masu araha, janaretan maƙwabci. Ka sa rediyon a batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. In ƙarar tana zuwa ne ƙaras-ƙaras da damina, walƙiya ce daga nesa, sai ka koma zangon mita 20 (wajen megahaz 14) da rana, inda ta fi sauƙi a kan zangon mita 40 (wajen megahaz 7). Da ka ga hadari ya haɗo, cire kebul ɗin eriya daga na'ura ka fitar da bakinsa waje, kada ka jira tsawar farko.