Tambaya da Amsa: Shin Mai Bakin Cokali Na Gani a Cukotka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Katsina mai karatun ilimin halittu a Rasha. A watan Yuni mun je Cukotka, can kuryar arewa maso gabashin ƙasar, inda na hangi wani ɗan tsuntsu mai jan kai da wuya, cikinsa fari, ƙafafunsa baƙaƙe, yana kiwo a gefen tafki kusa da teku. Abokan tafiyata sun ce mai bakin cokali ne. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Wuri da lokaci sun dace, domin a wannan fili mai sanyi marar bishiyoyi ne tsuntsun, wanda masana ke kira Calidris pygmaea, yake saka ƙwai a watannin Yuni da Yuli, musamman a kewayen ƙauyen Meinypilgyno. Sai dai launin da kika bayyana bai isa hujja ba, saboda ɗan'uwansa Calidris ruficollis shi ma a can yake hayayyafa, da jan wuya da baƙaƙen ƙafafu, girmansu kusan ɗaya, wajen santimita 15, ga shi kuma ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Baki ne babbar shaida. Ƙarshensa yana da faɗi kamar cokali, amma idan tsuntsun ya ba ki gefe, sai ki ga bakin ya ɗan yi kauri kawai, don haka ki yi haƙuri da madubin hangen nesa har ya fuskance ki ko ya sunkuyar da kai. Ki lura kuma cewa laka kan maƙale a bakin ɗan'uwan nasa ta ruɗi mai kallo. Yanayin kiwonsa ma yana taimakawa, domin yakan duƙar da kai yana karkaɗa baki dama da hagu a ruwa marar zurfi.

Idan akwai ƙaramar alamar roba mai lamba a ƙafarsa, ki rubuta launi da lambar ki miƙa wa masu bincike, domin a 2012 suka fara renon 'yan tsaki a Meinypilgyno suna sakinsu da irin wannan alama. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai 1,000 ba, sakamakon cike gaɓar Tekun Rawaya da ake yi a Sin da Koriya ta Kudu, inda suke yada zango a lokacin ƙaura, da kuma tarkon mafarauta a Myanmar, inda da yawansu ke yin hunturu.

Roƙona gare ki shi ne kada ki matsa kusa da sheƙarsa, wadda ɗan gurbi ce a ƙasa mai ƙwai huɗu, domin idan kika tashi mai kwanci, sanyi ko dila na iya hallaka su.