Tambaya da Amsa: Keken tirayatalon, ciwon gwiwa da maganar rabin tramol

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaci ne a nan Damagaram, shekarata 31. Shekara uku ke nan ina gudu, na gama kilomita 21 sau biyu, ninƙaya kuma na koye ta tun ina karatu a waje. Na ƙudurta shiga doguwar gasar tirayatalon, wato ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, irin wadda ake kira Ironman, nan da shekara guda. Na tara jaka ɗari biyar don keke, har an turo mini hoton wani na kabon, wato wanda aka ƙera da zaren kabon mara nauyi maimakon ƙarfe, ɗan gwanjo, daga Kano. Abin da ke hana ni barci shi ne, duk ranar da na wuce kilomita 70 a kan keken aron da nake hawa, sai gwiwata ta dama da ƙuguna su ɗauki ciwo, yatsuna su mutu. Wani yayanmu da ya daɗe a harkar keke ya ce haka kowa ya fara, in riƙa shan rabin tramol kafin in fita, wai har masu babban tseren keke na Faransa suna sha. Na sha sau biyu, kuma gaskiya ban ji ciwon ba. Amma a na biyun da na dawo gida na yi amai, kaina na ta juyawa har dare. Likita, na yi wa kaina illa ne? Kuma wane keke zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka. Amai da jirin nan sanannun ayyukan ƙwayar ne, kuma sau biyu, in Allah ya yarda, bai bar maka tabo ba. Amma kada a yi na uku. Zan dawo kan wannan, domin saboda shi na tsallake tambayoyin wasu na ɗauko taka. Bari mu fara sauke maganar keke.

Ka riga ka san lissafin: ninƙaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2, kuma a yawancin gasannin awa 17 ake ba mutum ya gama. Kilomita 180 kusan daga nan zuwa Magariya ne ka juyo, sannan ka sauka ka fara gudun. Wajen rabin lokacin gasar a kan sirdi za ka yi shi. Saboda haka abin da za ka fara tambaya game da kowane keke shi ne ko girmansa ya dace da tsayinka, kafin a zo maganar nauyinsa ko sunan kamfanin da ke jikinsa. Ciwon da ka lissafa, gwiwa da ƙugu da mutuwar yatsu, kusan na rantse daga keken aron nan ya fito. An daidaita shi ga mai shi, kai kuma kana ta lanƙwasa jikinka don ka shiga awon wani.

Gwada wannan gobe da safe. Jingina keken da bango, ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta ƙasa can. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In gwiwa ta rage a lanƙwashe, sirdin ya yi ƙasa, kuma shi ke kawo ciwo a gaban gwiwa. In sai ka yi miƙa kafin ka taɓo feda, ya yi sama, ciwon sai ya koma bayan gwiwa da ƙugu. Yatsu kuwa suna mutuwa ne in kan keken ya yi maka nisa, ko hancin sirdi ya sunkuya yana zuba nauyinka a kan tafin hannu. Gyara kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda, ka hau kwana biyu ka ji. Sannan ka daina tura giya mai nauyi kamar mai tura amalanke. Bari ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti.

Na kabon ɗin nan na Kano, ni dai ba zan ba da kuɗina a kan hoto ba. Kabon yana tsagewa ta ciki fenti yana nan sumul, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. Da jaka ɗari biyar nemi keken tsere na alminiyam mai lafiya, wanda ka hau da kanka, mai kayan giya na kamfanin Shimano don ka samu abin canji in wani ya ci. Ka ƙara masa sandunan nan biyu da ake ɗaurawa a kan keke a kwantar da hannu a kai. A gasar an hana laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, dole ka bar tazarar mita 12, don haka kai kaɗai za ka sha iskarka, sandunan nan kuma sun fi maka tsadaddun ƙafafun keke amfani. Taya nemi mai faɗin milimita 28 ko 32 in ta shiga. Sirara irin ta da ba ta jure gefen kwaltarmu, ga tsidau ga ƙayar aduwa. Sayo tiyub huɗu ko biyar lokaci guda tare da famfonka, domin bakin tiyub ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai faci na bakin hanya ba ya kama shi, kuma ba a Takeita za ka tsaya neman irinsa ba. Kada ka yarda mai gyara ya zuba maka baƙin mai a sarƙa. Da ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙar da haƙoran giya.

Kada ka cinye kuɗin duka a keke. Hular kwano ta keke dole ce, ba a barin ka ko taɓa kekenka a filin gasa sai ka ɗaure ta, kuma in ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba. Sai wando mai soso, wanda ake sa shi ba tare da wani wando a ciki ba, da wurin gora biyu aƙalla, da fitila ja ta baya tunda da asuba za ka riƙa fita.

Horo ba zan ja shi ba, tunda kai ba baƙon gudu ba ne. Yawancin fitarka ta zama a saurin da za ka iya hira. Doguwar tafiya sau ɗaya a mako, kana ƙara mata kaɗan, kowane mako na huɗu ka sassauta. In ka sauka daga keke, sa takalmi ka yi gudun minti 15 ko 20, ƙafa ta saba da wannan nauyin. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin rana ta take, kuma yawo tsakanin gari da Mirya, inda ka san wurin cika gora, ya fi ka nausa hanyar Tanut kai kaɗai. Auna kanka kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Gora ɗaya ka zuba mata garin gishiri da sukari irin na zawo. Ciki kuma a koya masa cin gram 60 zuwa 90 na sukari a awa; dabino da ayaba da alkakinmu sun ishe ka farawa. Ninƙaya ita ce matsalarka ta gaske a garin da ruwan sha ma sai an yi layi. Kada dai ka faɗa tafki, tsargiya na jiranka a ciki. In da ni ne, zan fara da rabin zango, wato kilomita 1.9 da 90 da 21.1, in bar cikakkiyar sai wata shekara.

To, tramol.

Kusan kullum sai na gamu da maganar nan, daga ɗan kabu-kabu, daga ɗan kokawa, daga mai dakon kaya a Kasuwar Dole, yanzu kuma har daga masu digiri da ke hawan keken tsere. Kowa da wanda ya ba shi fatawa: wani yaya, wani koci, wani mai tallar magani da ya ɗora farmasi sukutum a kan tire yana yawo da ita cikin rana. Kalmar kuma iri ɗaya ce, wai yana ƙara ƙarfi. Ba ya ƙara wa tsoka komai. Tramol, wato tramadol, ɗan gidan su mofin ne, aikinsa a ƙwaƙwalwa yake, yana toshe hanyar da saƙon ciwo ke bi. Ranar da ka sha, gwiwarka ta ci gaba da gogewa a kan sirdin da ya yi ƙasa, sau dubbai, kai ne dai aka hana ji. Da ka ji, da ka tsaya a kilomita 70. Da ba ka ji ba, ka kai 100 a kan gwiwar da ke neman agaji. Haka ƙaramin kumburin da hutun mako guda da ɗaga sirdi za su warkar yake zama ciwon wata shida.

Wannan ma mai sauƙi ne. Ƙwayar tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana rage saurin da mutum ke ankara. Kai kuma kana kan taya mai faɗin babban yatsa, kana gudun kilomita 35 a awa, ka kwanta a kan sanduna hannunka nesa da birki, ga tirela a baya, ga akuya na shirin tsallakawa. Tana kuma iya tayar da farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Na taɓa duba wani saurayi da aka kwaso daga bakin hanya, fatar kafaɗarsa da ta kumatu duk ta saɓule, tsakuwa a cikin naman, ya ciji harshensa har ya tsage. Abokansa suka ce ba mota ba rami, kawai gani suka yi ya sandare a kan keke ya kife. A aljihun bayan rigarsa akwai dabino uku da sauran fakitin ƙwaya. Mahaifiyarsa na ta cewa iska ce ta buge shi. Ban yi mata gardama a wurin ba, shi na jira ya farfaɗo.

Ka ce rabi ka sha. Rabin me? Ƙwayar da likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100, kuma ko mai ciwo mai tsanani ba a wuce masa 400 a yini. Wadda ke yawo a titi an rubuta mata 200, 225, har 250, kuma babu mai tabbatar maka abin da aka rubuta shi ne a ciki. Rabin da kake ganin ƙanƙani ya kai, ko ma ya fi, cikakkiyar ta asibiti. Jiki kuma yana sabawa da wuri. Rabin yau shi ne guda na wata mai zuwa, daga nan sai ka tarar ko ranar hutu in ba ka sha ba jiki na ciwo, hanci na yoyo, barci ya ƙi zuwa.

Maganar masu tseren Faransa kuwa, yayanku ya faɗi rabin labari ya riƙe rabi. An sha, ƙwarai, shi ya sa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun ranar 1 ga Maris 2019. A 2022 Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya gama tseren Faransa a matsayi na shida, aka sami tramadol a jininsa, aka soke sakamakonsa, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Daga 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka hana a lokacin gasa a duk wasanni, har da gasar taka. Tun kafin tramol ma an ga ƙarshen irin wannan wayon. A Yulin 1967 Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, da ƙwayar amfetamin a jikinsa. Jiki ya ce a tsaya, ƙwaya ta ce a ci gaba. Zafin da ya kashe shi kuwa mu a nan shi ne abincinmu wata biyu cur.

Kuma kada ka ce to bari in koma ibuprofen ko diclofenac tunda su ba sa bugarwa. Wannan ita ce dabara ta biyu da nake fama da ita. Mutumin da ya yi awa biyar yana zufa, jinin da ke zuwa ƙodarsa ya riga ya ragu, waɗannan magunguna kuma suna ƙara matse shi. In ka taɓa dawowa daga doguwar tafiya ka ga fitsarinka ya koma kalar shayi mai kauri, ko ya ƙi zuwa, asibiti za ka nufa a ranar, ba gobe ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke raina ciwo mu ɗauke shi ragwanci. Yaro ya ce gwiwa na ciwo, a ce masa ai namiji ba ya kuka, a miƙa masa ƙwaya. Wanda ya miƙa ba zai biya kuɗin hoton gwiwar ba, ba shi zai kwana a gefen gadon asibiti ba. Jikin nan amana ne aka ba ka, za a tambaye ka yadda ka yi da shi, kuma ban ga lambar yabon da za ka nuna a wurin ba. Ba na cewa yayanku mugu ne. Wataƙila shi ma haka aka yi masa, kuma in ya kai ga sha kullum kada ya yanke rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali, domin yankewar gaggawa ita ma tana da nata wahalar.

Kai kuwa, ajiye keken aron nan na kwana goma. In gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana ciwo kana hawan matakala, a duba ta kafin ka koma. In ta lafa, gyara sirdin yadda na faɗa maka, ka fara daga kilomita 30. Ranar da za ka je ganin keken da za ka saya, tafi da wandonka mai soso da ɗan makullin kwance sirdi, ka ce wa mai shi sai ka hau na rabin awa kafin a yi ciniki.