Sanyi, Bushewar Fata da Na'urorinmu: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, tun da sanyi ya kama, wayata ta daina gane zanen yatsana. Sai na yi ta dangwalawa kafin ta buɗe, wani lokacin ma sai na sa lambobi. Ta lalace ne?

Amsa: Malama, wayarki lafiyarta ƙalau, yatsanki ne ya sauya. A wayoyi da yawa, na'urar da ke karanta zanen yatsa da lantarki take aiki: tana auna bambancin da ke tsakanin tudu da kwarin zanen, kuma fata mai ɗan danshi ta fi ba ta abin da take nema. Irin wadda ke ƙarƙashin gilashi kuwa, mai haska yatsa ta ɗauki hotonsa, tana son fatar ta kwanta sosai a kan gilashin. Busasshen yatsa mai kaushi ba ya kwanciya, ga kuma ƙananan tsage-tsage da babu su a zanen da wayar ta adana tun farko.

Ki shiga saiti ki sake yi wa yatsan rajista yanzu da yake a bushe, amma kada ki goge tsohon. Yawancin wayoyi na karɓar zane huɗu ko biyar, don haka yatsa ɗaya zai iya cin gurbi biyu. Sai dai ainihin gyaran yana hannunki: ki riƙa shafa mai duk bayan wanke hannu, ki bari ya shiga fata kafin ki taɓa wayar, domin maiƙo ma yana rikita na'urar.

Tambaya: Ina kwana da hita a kunne, sai in tashi leɓena ya tsage, jikina ya yi furu-furu. An ce iskar ɗakin ce ta bushe. Akwai manhajar da za ta auna mini danshin ɗakina?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Iska mai sanyi ba ta riƙe tururin ruwa da yawa. Hita kuma ɗumama ta kawai yake yi, ba ya ƙara mata ruwa ko kaɗan, sai ta zama iska mai ɗumi mai ƙishirwa, ta kwana tana zuƙe ruwan fatarka da na hancinka.

Batun manhaja kuwa, kada ka wahalar da kanka. Kusan duk wayoyin yanzu ba su da abin auna danshi a cikinsu. Samsung ta taɓa sa shi a Galaxy S4 a 2013, daga baya aka daina. Lambar da manhajar yanayi ke nuna maka ta intanet ta zo, kuma danshin waje ne, ba na ɗakin kwananka ba. Abin da kake buƙata shi ne ɗan ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, ka ajiye shi nesa da hita da taga. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin cikin gida ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari. In ka ga naka ya faɗi ƙasa da 30, ka rage ƙarfin hita ka ƙara bargo, ko ka nemi na'urar da ke fesa danshi a ɗaki.

Wannan na'urar tana da amfani ƙwarai, amma tana son kulawa. A sauya ruwanta kullum, a wanke ta duk bayan kwana uku, in ba haka ba ƙwayoyin cuta take watsa maka. Idan danshin ya haura 60, funfuna na iya farawa a bango. Kada kuma ka ajiye na'urar kusa da kwamfuta ko talabijin. Ga abin da babu na'urar da za ta yi maka: wanka gajere, minti 5 zuwa 10, da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sannan ka shafa mai mai kauri tun jikinka da sauran lema.

Tambaya: 'Yata tana ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a cinya saboda ɗuminta. Yanzu wani tabo mai ruwan ƙasa kamar raga ya fito mata. Shin kwamfutar ce?

Amsa: Hajiya, wannan tambayar ita ta fi damuna a cikinsu. Likitocin fata sun san irin wannan tabon. Zafi ne da bai kai ya ƙona nan take ba, wajen digiri 43 zuwa 47 a ma'aunin Salshiyos, amma yana gasa wuri ɗaya kullum na tsawon makonni. Kusantar hita da rungumar robar ruwan zafi ma suna jawo shi. Daga yau 'yarki ta mayar da kwamfutar kan tebur. Ɗora ta a kan filo ko bargo ba mafita ba ne, domin suna toshe ramukan iskar da ke ƙarƙashinta, sai ta ƙara zafi. Sabon tabo kan dusashe da kansa cikin watanni idan an daina, wanda ya daɗe kuwa yana iya zama. Ki kai ta likitan fata ya duba, musamman in wurin ya yi ƙurji ko gyambo.

Tambaya: Ina ganin tallar man da ke kare fuska daga shuɗin hasken waya. In saya don fatata ta yi sheƙi?

Amsa: Malama, ban ba ki shawara ba. Shuɗin hasken da waya ke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na rana. Abin da ya fi miki amfani yana cikin manhajar yanayi: lambar ƙarfin hasken rana, wadda ake rubutawa UV. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 3 zuwa sama a kare fata, ko da garin na da sanyi. Masu zaune inda ake zuba dusar ƙanƙara su ƙara kula, domin sabuwar dusa tana iya maido da kusan kashi 80 cikin ɗari na wannan hasken. Ki duba lambar da safe, in ta kai 3 ki shafa man kariyar rana kafin ki fita.