Me ya haɗa 'yan Zango da majalisar Gana

Malam, na ga tambayarka kuma na gane inda ka dosa. Ka ce me ya sa mu 'yan Zangon Kumasi muke kasa kunne duk lokacin da 'yan majalisa suka tsare minista da tambayoyi a Akra, kamar ƙasar ubanmu ce. To ai ƙasar ubanmu ce. Kakana ne ya zo fataucin goro ta hanyar Salaga ya zauna, mahaifina kuwa nan aka yanke masa cibiya.

Tsarinmu ba irin naku ba ne. Kundin mulkin 1992 ya ce dole mafi yawan ministoci su fito daga cikin 'yan majalisa, don haka wanda ake titsiyewa sau da yawa kujerarsa na cikin zauren. Abin da suke gardama a kai kuma aljihunmu yake taɓawa. Lokacin da ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya kawo harajin E-Levy a Nuwamban 2021, kashi 1.75 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya, har mai koko da ƙosai ta layinmu ta shiga zancen, don da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, take aika wa mai gero kuɗinsa. Majalisa ta rabu tsakanin jam'iyya mai mulki da ta adawa, kujeru 137 da 137, ga ɗan indifenda ɗaya a tsakiya, kuma a watan Disamba har dambe aka ba hamata iska a zauren. Harajin ya fara aiki a Mayun 2022 a kan kashi 1.5, ya sauko zuwa 1, sannan Shugaba Mahama ya soke shi a 2025.

Maganar gudummawar jam'iyya ta fi mana ciwo. Doka ta ce ɗan ƙasa kaɗai ke da ikon ba jam'iyya kuɗi. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Ƙanen kakana ya sayar da gidansa a wulaƙance ya hau babbar mota, kakata kuwa har ta rasu tana ambaton wata tukunyar tagulla da suka tafi da ita. Shi ya sa idan ɗan majalisa ya miƙe yana tambayar ina jam'iyya ta samo kuɗin kamfe, dattawanmu suke ƙara muryar rediyo. Ba a rasa wanda zai ce kuɗin baƙi ne, kuma mun san wa ake nufi.

Nan a ce mana baƙi, ku can ku ce mun zama Asante. E, matata 'yar Asante ce, kuma ta fi wasu 'yan gidanku iya tuƙa tuwo. Yaranmu suna yin Tuwi, yaren Asante, a kasuwa, Hausa a gida, da yamma suna makarantar allo. Ku yi ta dariya don muna cewa "yarinya ya zo", Allah ya ba ku haƙuri. Je ka saurari Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ka ji da wane harshe yake yi wa jama'arsa nasiha.

Ka kuma ce a wurinku dangi da zakka ke riƙe nakasasshe. Mu ma haka, ba mu yar da kowa ba. Amma akwai dokar nakasassu ta 2006, aka kuma ware musu wani kaso na asusun da gwamnati ke raba wa gundumomi. Ƙanena mai shan inna ya cike takarda yana neman keken ɗinki. Ya yi ta jan jiki zuwa ofis, kullum a ce kuɗi ba su sauko daga sama ba. Ranar da wani ɗan majalisa ya tambayi minista dalilin jinkirin kuɗin gundumomi, a shagon tela muka saurara, ƙanen nawa yana ta gyaɗa kai. Keken ya zo daga baya, na ƙafa, ga mutumin da ƙafar ce matsalarsa. Sai da muka haɗa kuɗi aka sa wa keken injin da zai juya shi.