Gem ɗin da ka saya da kuɗinka, naka ne ko aro aka ba ka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shara Mansur, nan Makka. Yarona ya yi saukar Alƙur'ani, na kuma yi masa alkawarin na'urar gem. Shi PlayStation 5 yake so, ƙanina kuma ya ce kwamfuta ta fi. Damuwata ita ce bayan Hajji iyali za su koma Kano, inda intanet sai a hankali. Wacce ce ba za ta tsaya masa ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah Ya sanya wa saukar albarka. Kafin mu zo kan na'ura, sai ka san abin da kuɗinka ke saya. Yawancin gem ɗin da aka sauke ta intanet, izinin bugawa kawai aka sayar maka, an kuma ɗaure shi da asusunka. Makullin da ke gadin wannan izini shi ake kira DRM. Kasuwar Steam ma, mai sayar da gem na kwamfuta ta intanet, tun Oktoban 2024 take rubuta wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake saya, bayan jihar Kalifoniya ta yi doka kan hakan.

PlayStation 5 mai cin faifai ita ce ta fi kusa da ciniki irin wanda muka saba. Ka sayi faifai, ka zura, ya zauna a na'ura, yawancinsu kuma za su yi aiki ko babu intanet. Yaro zai iya ara wa abokinsa, ko ya sayar in ya gaji da shi. Faifan da aka saya a Makka zai yi aiki a Kano. Sai dai sabon samfurin, wanda ake ɗaura masa macin faifai, yana buƙatar intanet sau ɗaya don a yi masa rajista. A yi wannan tun kuna nan. Wasu faifan kuma rabin kaya ne a ciki, sauran sai an sauke, don haka a zura kowanne a bar shi ya gama kafin a ɗaure akwati. Gem ɗin da aka saya ta intanet kuwa, a shiga saiti a kunna "Console Sharing and Offline Play", in ba haka ba ranar da data ta ƙare zai ga ɗan hoton kwado a kansu.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne ƙasar asusu. Ƙasar da ka zaɓa ranar buɗewa ba ta canzuwa, kuma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ya buɗe wa kasuwarsa. In asusun na Saudiyya ne, katin Saudiyya kaɗai zai karɓa. Wannan da sauƙi tunda kana nan: ka sayi katin sa kuɗi a asusu a shagon Jarir, ka tura masa lambar ta WhatsApp.

A kwamfuta faifai ya zama tarihi. Steam na barin mutum ya buga ba intanet in ya riga ya shiga asusunsa, amma manyan gem da yawa suna da kwado na biyu mai suna Denuvo. Shi wannan lokaci-lokaci sai ya leƙa intanet ya tabbatar da kai, kuma ba ya yarda a kunna gem ɗaya a kwamfuta fiye da 5 cikin awa 24. Abin da nake yaba wa kwamfuta shi ne kasuwar GOG, wadda tun 2008 take sayar da gem ba kwado. Ka sauke fayil, ka adana a filashi, shi ke nan. Matsalar dai sababbin gem na ƙwallo da yara ke rububi ba a samunsu a can.

Akwai kuma wanda ko faifai ba ya ceto. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe uwar garken gem ɗin tseren mota The Crew, masu faifai da masu saukewa duk suka tashi a tutar babu. Don haka a duba bayan kwali: in an rubuta dole sai da intanet, a ajiye shi.

Ni dai a wannan hali naku, PlayStation mai cin faifai zan saya.

Tambaya: Malam, daga Karantina a Jidda. Wani mai shago ya ce zai sa min asusu mai gem ashirin a farashin guda ɗaya. In karɓa?

Amsa: Kada ka karɓa, ɗan'uwa. Imel ɗin da aka buɗe asusun da shi yana hannunsa, kuma galibi ba kai kaɗai ya sayar wa ba. Ranar da ya canza kalmar sirri, ko kamfani ya rufe asusun saboda sayar da shi ya saɓa ƙa'idarsu, ashirin ɗin za su tafi tare, kuma ba ka da rasit da sunanka da za ka kai ƙara. Buɗe naka da imel ɗinka da lambar wayarka, ka jira lokacin rangwame.