Audugar mata ta yi tsada: me za a yi wa 'yan mata?

Malama, kin tambayi yadda za a taimaki ɗalibanki da ke fashin makaranta lokacin al'ada saboda iyayensu ba su iya sayen audugar mata. A ganina, hanya mafi sauƙi ita ce ƙunzugun da ake wankewa a sake amfani da shi, muddin an ɗinka shi yadda ya kamata. Tela zai iya haɗa shi da yadin auduga mai laushi a sama, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya domin tsotse jini, sannan yadi mai hana yoyo a ƙasa, da maɓalli da zai riƙe shi a jikin kamfai. Kowace yarinya ta samu aƙalla huɗu.

Wurin da aka fi samun matsala shi ne wanki. A fara jiƙa shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a jikin yadi, a wanke da sabulu, sannan a shanya a rana har ya bushe sarai. Kunya takan sa yara su ɓoye shi a ɗaki da danshinsa, wanda hakan ke jawo ƙaiƙayi da wari. Ana iya lulluɓe shi da siririn mayafi a kan igiya. A riƙa canzawa bayan awa huɗu zuwa shida.

Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, daga audugar mata da ake sarrafawa a Najeriya, amma farashin bai daina hawa ba. Ki nemi hukumar makaranta ta tanadi ruwa da banɗaki mai ƙofa na 'yan mata kaɗai.