Daga fiziks zuwa injiniyancin masana'antu: ta ina zan fara?

Ka ce kana aji ɗaya a fiziks, kana son komawa injiniyancin masana'antu. Fara duba ko jami'arku na da sashen, don ba ko'ina ake yinsa ba. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure (FUTA) suna da shi. In babu a wajenku, sai neman canjin makaranta ko sake zana JAMB da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri.

In akwai, cike fom ɗin sauya sashe a ƙarshen aji ɗaya. Sai shugaban sashenku ya sake ka, na can kuma ya karɓe ka, kuma makinka ake fara kallo. Wanda ya jira har aji uku, galibi aji biyu ake mayar da shi, ga karatun shekara 5 ne, har da zaman wata 6 na SIWES, wato horon sanin makamar aiki a masana'anta, a aji huɗu.

Kada sunan ya ruɗe ka, ba gyaran inji za a koya maka ba. Ƙididdiga ce, da tsara layin sarrafa kaya, da lissafin kayan sito, da gano inda lokaci ke zurarewa a masana'anta. Tabbatar kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta amince da kwas ɗin kafin ka sa hannu.